Haɗin goge tabon ciki: jika takwas ɗina da fatar kumatuna

'Yan uwa mata na Damagaram, kun san haɗin nan da ake tallarsa a WhatsApp, farar roba mai murfi ruwan gwal, wai yana goge baƙin da ciki ke bari a fuska. Na saya, jika takwas har da kuɗin ɗan kabu-kabu.

Tun cikin autana baƙi ya shimfiɗu mini a kumatu da goshi har saman leɓe. A wurin awo ungozoma ta ce aikin homon ne, wato sinadaran da jiki ke yi da kansa: estrojin da projesteron suna hawa lokacin ciki, su zuga ƙwayoyin da ke ba fata launi, rana kuma ta ƙara musu ƙarfi. Ta ce na mata da yawa yana dushewa bayan haihuwa. Nawa ya zauna daram, ranar bazarar Zinder kuwa ba ta raga wa kowa.

Da farko man ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ga ƙamshi, ba ya maiƙo, fuska ta washe har a wani biki a Birni ana ja na gefe ana tambaya.

Sai ƙananan ƙuraje suka feso a haɓa da goshi, duk girmansu ɗaya. Jajayen jijiyoyi sirara kamar zare suka bayyana gefen hanci, ruwan alwala ma raɗaɗi yake mini. Na kira mai haɗin, ta ce, "Hajiya, dattin ne ke fita, ki ƙara shafawa safe da dare." Wannan maganar ce har yau ke ƙona mini rai. Mace mai shayarwa, yaro kullum kuncinsa a kan nawa!

Likitar fata tana duba ni ta ce alamun akwai sinadarin kortikoyid ne a cikin man, irin su clobetasol. Kwaikwayon kortizol ne, homon ɗin da jiki ke yi a saman ƙoda. Magani ne na gaske na kumburi da ƙaiƙayin fata, amma na ɗan lokaci, da takardar likita. In an daɗe ana shafawa fata tana sirancewa, nankarwa ta fito, in kuma duk jiki ake mulkawa yana ratsawa cikin jini, ya tada sukari da hawan jini, jiki ya rage yin nasa kortizol ɗin. Robar kuwa ko layi ɗaya babu na abin da aka zuba ciki.

Dainawar ma da wahala, a hankali likita ta sa na janye, duk da haka fuskar ta yi ja tana zafi. Tabon ya dawo, ya fi na da duhu. Yanzu man kariyar rana SPF 50 nake sawa in zan fita. Da na tura wa mai haɗin hoton fuskata na ce ta maido mini kuɗina, sai ta toshe lambata.