Jariri mai alajin madarar saniya: wane gwangwani za ki ɗauka?

Bangon hanjin jariri kamar rariya yake, kuma a makonnin farko bayan haihuwa ramukanta ba su gama tsukewa ba, balle ga bakwaini. Furotin ɗin madarar saniya na iya ratsawa tun bai gama narkewa ba, garkuwar jiki ta gan shi ta ɗauke shi abokin gaba. Kumburin da faɗan ya haifar kuma sai ya ƙara sassauta bangon. Wani yaron cikin mintuna zuwa awa 2 borin jini zai feso masa, leɓe ya kumbura, ya yi amai. Wani sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga gudawa, majina ko ɗigon jini a kashi. Jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ne ke fama da wannan, kuma yawancinsu suna rabuwa da shi tun suna ƙanana.

Shi ya sa abin da nake fara dubawa a gwangwani shi ne girman furotin ɗin da ke ciki.

In kina shayarwa, kada ki yaye. Likita na iya cewa ke ki bar madara da duk abin da aka yi da ita na mako 2 zuwa 4, kina shan ƙwayar kalsiyam, a ga ko yaro zai samu sauƙi.

In dole sai gwangwani, zaɓina madarar da aka daddatsa furotin ɗinta sosai, irin su Nutramigen, Alimentum, Althéra da Aptamil Pepti. Daga madarar saniya aka yi ta, amma an yayyanka furotin ɗin ƙanana har garkuwar jiki ba ta gane shi, ko da ya ratsa hanji. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta kafa a 2000 ita ce, kafin a ce madara ta dace da masu alaji, sai aƙalla 90 cikin 100 na irin yaran sun sha lafiya. Wannan rukunin ya cika sharaɗin, kuma ya fi madara mai amino asid sauƙin kuɗi. Aibinta ɗaci da wari. Jariri ɗan wata biyu yakan karɓa ba gardama, wanda ya haura wata shida kuwa sai an yi haƙuri da shi. Kashi yakan koma kore ya ɗan yi ruwa. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Mai amino asid zalla, wato ƙananan tubalan da ke haɗuwa su zama furotin, kamar Neocate, EleCare da Alfamino, ta yaron da waccan ta ƙi shi ce, ko wanda numfashinsa ya taɓa sarƙewa, ko wanda ya daina girma. Tsadarta ta isa ta hana a saye ta don kawai a ji daɗin zuciya. Ta waken suya ba a ba ɗan ƙasa da wata shida. Madarar akuya ki manta da ita, furotin ɗinta ɗan'uwan na saniya ne. Wadda aka cire wa sukarin laktos ma furotin ɗinta na nan daram.

Mai tambarin HA, wato wai “mai ƙarancin tayar da alaji”, ita ce ta fi ba ni haushi. Rabi-rabi aka datsa furotin ɗinta, ba ta maganin yaron da alaji ya riga ya kama. Wani mai sayarwa ya rantse wa ƙanwata cewa duk ɗaya ne, kafin mako ya zagayo fatar ɗanta ta koma gidan jiya.

Na jabu kuwa sun fi wannan muni. A 2020, a yankin Chenzhou na lardin Hunan a ƙasar Sin, an gano cewa an sayar wa iyayen yara masu alaji wani garin sha mai furotin da sunan madarar amino asid. Yaran suka rame, ƙashinsu ya yi laushi, kawunansu suka sauya kama. A 2008 ma, sinadarin melamin da aka zuba a madara a can ya taɓa yara kusan 300,000, shida suka rasu. Gwangwani mai tsada shi mazambata suka fi so, don sun san uwar da ɗanta ke kashin jini ba ta tsayawa ciniki. Ki duba lambar rukuni da ranar lalacewa a gindin gwangwani, su kasance bugu ne a jikin ƙarfen, ba takardar da aka manna ba. Ki tabbata marfin ciki a rufe yake, kuma an rubuta cewa abincin jinya ne na jarirai daga haihuwa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, ki bar musu kayansu.

Sai masu garin “toshe hanji mai yoyo” da masu gwajin gashi ko gwajin jini na IgG, waɗanda za su miƙo miki jerin abinci ashirin su ce yaro ya bari. Babu ɗayansu da ke gano alaji. Hanyar da likitoci ke bi ita ce a janye madarar na wasu makonni, sannan a sake gwada ta. Ga yaron da alajinsa ke tasowa nan take, wannan gwajin a asibiti ake yin sa, ba a gida ba.