GARGAƊI: ɗan damfara mai gyaran rediyon mota, ya ci min N85,000 ya kuma canza min siks loda

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai mota a Legas, musamman 'yan uwa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, dan Allah ku karanta ku tura gaba. Akwai wani mutum da ke yawo a babur da baƙar jakar kayan aiki yana cewa shi injiniyan rediyon mota ne, Hausa a bakinsa ras kaman ni da kai, to wallahi ɓarawo ne. N85,000 ya ci min. Dubu tamanin da biyar, a wannan marrar, a kan faifan CD da ya maƙale. Kuma bai tsaya a kuɗin ba, rediyon nawa ma ya tafi da shi ya kawo min gawa ya dasa min a mota.

Tun yanzu ina roƙo kada wani ya zo min da maganar wai wa yake jin CD a wannan zamanin, ka sa Bluetooth mana. Na ji wannan a gida, na ji a kasuwa, ya ishe ni. Motata Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ta ya san rediyonta da maɓallan AC a haɗe suke a fuska ɗaya, ba irin motar da za ka zare rediyo ka jefar ka sa na dubu goma ba ce. Na'urar tana cin faifai shida, ita ce masu gyara ke ce wa siks loda. A ciki akwai karatun Alƙur'ani, akwai tafsiri da nake ji in na taso daga Agege na bi ta Ikeja zuwa Ojota na shiga gosulon Ketu, akwai kuma faifan walimar saukar 'yata da aka naɗa min a gida Kano. Wannan faifan babu shi a waya, babu shi a intanet, babu shi a wajen kowa. To ka ce min in sa Bluetooth.

Abin ya fara ne da ƙara, ƙar-ƙar-ƙar, in ka danna maɓallin fitarwa sai ka ji tana juyi a ciki tana neman turo faifan amma ba ya fitowa, can sai ta rubuta ERROR ta yi shiru. Ba ta karɓa ba ta bayarwa. Ban tsokane ta da wuƙa ko tsinke ba kaman yadda wasu ke yi, na bar ta yadda take, rediyon FM yana yi AC yana yi, faifan ne kawai. Ku riƙe wannan, komai na motar lafiya lau yake kafin ya taɓa ta.

A wajen wankin mota na gamu da shi, nan unguwarmu. Yana cikin wata Camry ya kwance dashbod ɗinta yana aiki, mai motar yana tsaye a kansa. Yaron da ke min wanki ne ya ce Alhaji ai ga mai gyaran rediyo nan, yana zuwa nan kullum. Na yi masa bayani. Bai ma shiga motata ba ya ce min, Alhaji kafin in taɓa komai, kana da kod ɗinta? Ya ce rediyon Honda in aka cire batir ko aka zare shi daga wuta sai ya kulle kansa, ba zai ƙara magana ba sai an danna masa lambobi biyar ɗinsa, ya ce in babu kod ni ba zan taɓa ba don kada in ja maka asara. Jama'a ku gaya min tsakaninku da Allah, wanda ya faɗi haka za ka ce ɓarawo ne? Gaskiya ya faɗa fa, haka Honda take. Shi ne ma ya buɗe akwatin da ke gaban kujerar fasinja ya nuna min 'yar sitika mai lambobin, ni da na shekara da shekaru da motar ban taɓa lura da ita ba. Ya shimfiɗa tsumma a kan kujera, ya yi bisimilla, kowane sukuru ya kwance sai ya jefa a murfin gwangwani don kada ya ɓace. Wannan murfin gwangwanin shi ke dawo min in na kwanta.

Ya ce aikin hannu N15,000, na ce ya rage ya ce Alhaji kai namu ne shi ya sa, na ba shi a hannu. Ya ce aikin ba na bakin titi ba ne, akwai ƙananan giyoyi na roba da sifirin a ciki, sai a kan tebur a shagonsa wajen Ikeja, har hoton shagon ya nuna min a waya. Ya ce gobe da la'asar. Ya sa rediyona a jaka ya hau babur ina kallo.

Kafin in manta, kuɗi na uku da ya karɓa daga baya, N42,000, ba da sunansa asusun da na tura yake ba. Ya ce na ƙaninsa ne, nasa yana da matsala. Masu cewa ai nan ya kamata ka farga, ku da kuke kasuwa, sau nawa kuka tura kuɗi asusun mai POS ko na yaron shago? A Mile 12 haka muke cinikin albasa kullum, mutum ya ce tura nan ka tura. Meye abin fargar a ciki? Kuma a lokacin rediyona yana hannunsa, dashbod ɗina rami ne wayoyi a waje, ina tuƙi a zafin Legas gilashi a sauke babu abin da zan danna in kunna AC, hayaƙin danfo yana shiga hancina. Uwargida ta shiga motar sau ɗaya ta ce ita ta koma hawa keke har sai an gyara.

Na tsallake na biyu. Na biyun N28,000 ne. Goben da ya ce ba ta zo ba, sai ya kira ni da kansa, shi ya kira fa ba ni ba, ya ce Alhaji na buɗe, idon da ke karanta faifai ya ƙone, giya ɗaya ta karye, zan shiga Ladipo, kasuwar kayan mota, in nemo na tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje. Ya turo min hoton wata 'yar farar giya da haƙori ɗaya a gutsire a tafin hannunsa. Na tura. Daga nan sai uzuri, yau ruwan sama, gobe yaronsa ba lafiya, jibi bai samu daidai girmanta ba. Ko sau ɗaya bai ƙi ɗaukar waya ba, Alhaji barka da asuba, Alhaji ya kasuwa, in sha Allahu yau. Sannan ya zo da maganar bod, wato allon lantarkin da ke cikin rediyon, wai da ya haɗa ya sa wuta sai ya ga bod ɗin ma ya taɓu, kuma tunda shi ke riƙe da AC in ba a canza ba zan rasa duka biyun. N42,000. Ku haɗa da kanku, 15 da 28 da 42. Dubu tamanin da biyar cif.

Na ce masa Malam kuɗin nan ya yi yawa fa, da na sani ai da tokumbon gaba ɗaya na saya. Ya ce Alhaji wallahi ko sisi ban ci a kan kayan ba, ni aikin hannuna kawai na karɓa. Ya rantse. Da Allah ya rantse min, mutumin da muka yi sallar la'asar sahu ɗaya ranar farko a ɗan masallacin gefen wajen wankin.

Ranar da ya kawo, gab da magariba ya zo, yanzu ne na gane dalilin zaɓar lokacin. Ya ɗaura cikin sauri, babu tsumma babu murfin gwangwani a wannan karon. Na kunna mota AC ya taso, sanyi ya bugo ni, raina ya yi fari. Fuskar rediyon ta rubuta CODE. Ya danna lambobin sitikar, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya yi ta dannawa har ta daina karɓa, sai ya ce Alhaji haka take yi, in aka yi kuskure sau 10 sai an bar ta a kunne awa ɗaya sannan ta karɓa, ka bar makulli a jiki, bari in yi sallah in sayo fis in dawo. Wannan ma gaskiya ce, na tabbatar daga baya haka Honda ta tsara abin. Mutumin nan da gaskiya yake yin ƙarya, abin da nake so ku gane kenan. Ya miƙo min leda da faifaina a ciki ya hau babur. Na zauna a mota ina ƙona mai ina jiran awa ta cika.

Faifai huɗu ne a ledar. Shida na ba shi. Na walimar babu.

Awa ta cika na danna kod da hannuna, ta ƙi. Na kira, a kashe. WhatsApp ɗinsa hoton ya ɓace, ya toshe ni. Washegari yaron wankin ya ce shi fa bai san gidansa ba, ganinsa kawai yake yi, wanda ya ce min yana zuwa kullum yanzu ya koma wai jefi-jefi. Shagon Ikeja kuwa na bi kwatancen layi-layi, na nuna hoton, wani ya ce wannan ai ba a nan unguwar yake ba.

Wani abokina direba ne ya kai ni wajen wani dattijo Bayarabe mai gyaran rediyo a wajen Mushin, shagonsa ƙarami amma shago ne mai ƙofa. Baba bai kwance komai ba tukun, ya kashe rediyon, ya danne maɓalli na 1 da na 6 tare ya kunna, sai ga lambar na'urar ta fito a fuska kashi biyu, lambobi takwas. Ya gwada da ta jikin sitikar, ko kusa ba su yi ba. Ya ce Alaji wannan ba rediyonka ba ne. Ungulu da kan zabo aka yi min. Da ya buɗe cikinta, tsatsa, tiren faifan a karye, wani sashen ma babu shi gaba ɗaya, an riga an cinye kayanta tuntuni. Babu sabon ido, babu sabuwar giya, babu wani bod na N42,000. Nawa mai lafiya, wanda faifai kawai ya maƙale masa, yana can an sayar wa wani da kod ɗinsa, don ai ya kwafi lambobin ranar da ya nuna min sitikar. Ina tsaye ina yaba masa ashe kwafa yake yi.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baba ya zazzage ledar ya ɗauko faifai ɗaya na tafsiri, irin wanda ake kwafa a kwamfuta a liƙa masa takarda a bayansa. Takardar ta ɗago ta naɗe, gam ɗinta ya yi danƙo. Ya ce ga ɓarawonka na farko. Ya ce mota in ta sha rana gam ɗin yana saki, takardar ta kama robar da ke jan faifai ciki da waje, shi kenan sai ta cije. Ya ce wani lokaci kuma faifai ne ya lanƙwashe da zafi, ko an cusa biyu a tare, ko yara sun jefa kwabo a ramin. Sau da yawa in ka zare fis ɗin rediyo ko kan batir na ɗan lokaci ka mayar, na'urar tana komawa daga farko ta turo faifan da kanta, in dai kana da kod a hannu. In ta ƙi a buɗe murfin sama a zaro shi a goge robar. Na ce Baba nawa za ka yi wannan aikin? Ya ce dubu biyar, a gabanka, kafin ka gama shan ruwa. Dubu biyar. Ni kuma 85, ga rediyo ya tafi, ga faifan 'yata ya tafi, ga sabon kuɗin tokumbo yana jirana.

Wani a kasuwa har yana min dariya wai Alhaji da wayonka. Eh da wayona. Shekaruna nawa a garin nan ina ciniki da Bayarabe da Inyamuri da Bahaushe, agbero, wato ɗan tasha, bai taɓa cin kuɗina a banza ba, masu kiran waya su ce daga banki suke ban taɓa saurarensu ba. Na gan shi yana aiki a motar wani da idona. Ya san kod, ya san bod, ya san awa ɗaya. Ko kai ne ka ba shi. Yanzu ma ina zargin mai Camry ɗin nan ko dai shi ma an yi masa, ko kuma tare suke, Allah masani. Kana da kod ɗinta Alhaji? Wallahi har yanzu muryar tana kunnena.

Ina da sikirinshot na tura kuɗi guda biyu, ina da hoton giyar da ya turo, ina da saƙon muryarsa inda yake rantsuwa, ina da hoton lambar da ta fito a fuskar rediyon kusa da sitikata. Zan ɗora su duka in an kawo wuta na yi caji, lambar asusun kawai zan rufe saboda na kai maganar wajen hukuma an ce in dakata da ita. N15,000 ɗin farko ne babu shaida tunda a hannu na ba shi, amma yaron wankin yana wajen, kuma zai faɗa ko yana so ko ba ya so.

Kada ka bari a tafi da rediyonka, a gyara a gabanka ko a bar shi. Ka ɗauki hoton lambarsa kafin a kwance, ka ɓoye kod ɗinka, ka daina sa faifai mai takarda. Wanda ba shi da shago kada ka ba shi ko sisi.

Shi kuma in wannan rubutun ya kai gare shi, kuɗin Allah ya isa ban yafe ba, amma faifan walimar ba shi da amfani a wajenka, ka ajiye shi wajen yaron wankin. Duk wanda ya gan shi a Agege ko Ogba ko ina ne, ko wanda ya sayi siks loda ta EOD kwanan nan ya tarar da faifai biyu a ciki, ya yi min magana ta inbos.