Asiya Duka a Tukunya Ɗaya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya da su Hajiya. Kun tambaye ni ko har yanzu ina kewar abincin Maleshiya. To ga abin da ya faru da ni ranar Asabar.

Abokan aiki ne suka ja ni wani gidan abinci a tsakiyar Manchester, irin masu cewa suna dafa abincin Asiya baki ɗaya. Da aka miƙo takardar abinci sai ga sushi na Japan, ga pad thai na Tailan, ga pho na Biyetnam, ga nasi lemak na Maleshiya, duk a shafi biyu. Ku ɗauka wani ne ya kafa allo ya rubuta "abincin Afirka", yana sayar da tuwo da miyar kuka, da injera ta Habasha, da kuskus na Maroko, kuma kuku ɗaya ke tuƙa duka. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Gaskiya dai sun iya karɓar baƙo. Da na tambayi halal, yarinyar da ke hidima ba ta yi min kame-kame ba, ta shiga ciki ta dawo ta ce kajinsu halal ne, amma in guji teriyaki, wani girkin Japan, don akwai mirin a ciki, wata giyar shinkafa mai zaƙi da Japanawa ke girki da ita. Har littafi ta kawo na abubuwa 14 da dokar Ingila ta wajabta a bayyana wa mai ci, irin su gyaɗa da riɗi da kifi, saboda waɗanda jikinsu bai yarda da su ba.

Na zaɓi nasi lemak, don shi na sani ciki da waje. Shekara uku ina karyawa da shi a Kuala Lumpur, ƙunshe a ganyen ayaba, ringit biyu ko uku. Shinkafa ce da ake dafawa da madarar kwakwa da wani ganye mai ƙamshi da ake kira pandan, a sa mata soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi, da kokwamba, da dafaffen ƙwai. Amma ransa duka yana cikin sambal, wato soyayyen barkono da albasa da tsamiya da belacan, daddawarsu ta jatan lande. Tun daga bakin ƙofa ake jin ƙamshinta, kamar tamu.

Wanda aka ajiye min ya yi kyau a ido, kamar a ɗauki hoto. Loma ɗaya na gane an cire masa haƙora. Shinkafar ta ji kwakwa, babu pandan. Sambal ɗin kuwa zaƙi zalla, babu yaji babu daddawa, kai ka ce miyar tumatir aka zuba wa sukari. An yi shi ne don harshen Bature, kuma Turawan da muke tare sai yabo suke, ɗaya har yana fifita baki wai yaji!

Satay ɗinsu ya ɗan wanke musu laifi. Shi ne tsiren 'yan Maleshiya, sai dai su miyar gyaɗa suke tsoma shi, ba ƙuli suke barbaɗawa ba. Naman ya yi laushi, miyar ta yi daidai, amma kan gas aka gasa shi, babu hayaƙin gawayi ko kaɗan. Kun san tsire ba hayaƙi.

Da aka kawo lissafi, nasi lemak kaɗai fam 14, sannan suka ɗora kashi 12.5 cikin ɗari na hidima. Na biya ba gardama, yarinyar ta cancanta.

Washegari na shiga unguwar 'yan Sin na sayo busasshen kifin da belacan da pandan. Maƙwabcina bai ji daɗin warin ba. Idan kun sami mai tahowa, a aiko min da yajin ƙuli, nawa ya kusa ƙarewa.