Odar Kaya, Ranar Lodi, Ranar Biya: Wace Manhajar Rahoto Za Ka Saya?

Duk kamfanin da ke sayar da kaya yana da ranaku fiye da ɗaya a teburin cinikinsa: ranar da aka yi oda, ranar da aka yi lodi, da ranar da kuɗi suka shigo. Kalanda kuwa, wato teburin ranaku da manhaja ke raba ciniki wata-wata da shi, ɗaya ce. Kafin ka biya lasisin kowace manhaja, ka gwada yadda take haɗa waɗannan ranaku da kalandar, domin a nan ne rahoton wata ke karkacewa ba tare da an lura ba.

Power BI ta Microsoft tana barinka ka ja alaƙa uku tsakanin teburin ciniki da na kalanda, amma ɗaya kaɗai ce ke aiki, a ce ta ranar oda, sauran suna nan da layi mai ɗigo-ɗigo, a kwance. Idan kana son cinikin watan Maris bisa ranar lodi, sai ka rubuta ma'auni a DAX, harshen lissafin Power BI, ka sa umarnin USERELATIONSHIP cikin umarnin CALCULATE ya tashi alaƙar da ke barci don wannan lissafin kawai. Hanya ce mai tsabta, sai dai kowace rana tana buƙatar nata ma'aunin, kuma wanda ya ja ginshiƙin tebur (column) kai tsaye zuwa jadawali zai samu lissafin ranar oda ko da lodi yake nufi. Ɗaya hanyar ita ce ka kwafi kalandar, kowace rana da tata. Fayil ya ɗan yi nauyi, amma ko akawun da bai san DAX ba yana iya tace abin da yake so da kansa. Power BI Desktop kyauta ce a Windows, lasisin Pro ya koma dala 14 ga mutum ɗaya a wata tun Afrilun 2025. Excel ma, ta Power Pivot, sashenta na haɗa tebura, haka take haɗa ranakun da kalanda.

Tableau ta kawo tsarin alaƙa a sigar 2020.2. Alaƙa ɗaya ce tsakanin tebur biyu, don haka sai ka shigo da kalandar sau biyu.

Qlik Sense ce ke buƙatar taka-tsantsan. Da kanta take haɗa tebura idan sunayen ginshiƙai suka zo ɗaya, kuma in hanyar haɗin ta zagayo ta koma inda ta fara, sai ta sassauta haɗin ɗaya daga cikin teburan. Masu amfani da ita kan gina teburin gada da ke tara dukkan ranakun wuri guda, kuma wannan aikin gwani ne. Looker ta Google tana magance shi da sauƙi, a kira tebur ɗaya da suna biyu a LookML, harshen da ake tsara bayanai da shi a Looker, amma dole kana da mai rubuta lambar kwamfuta (code) a ofis.

Idan ma'aikatanka sun saba da Excel, ka ɗauki Power BI ka kwafi kalandar. Ka bar USERELATIONSHIP ga rahoton da dole oda da lodi su tsaya kafaɗa da kafaɗa a jadawali ɗaya.