Shagon tartan a Royal Mile: ku je don dattijuwar nan

Jiya na shiga wani shagon tartan a titin Royal Mile cikin Edinbara, babban birnin Scotland, in sayo wa maƙwabcina mayafin wuya, don shi ya riƙa kai ni asibiti sanda ƙafata ta karye. Tartan dai shi ne yadin nan mai layi-layi masu gittawa juna, dangi da dama kowa da irin zanensa. Sunan gidan su maƙwabcin nawa MacGregor.

Wallahi ina faɗin sunan sai dattijuwar da ke tsaron shagon ta ajiye almakashinta, ta ce yarinya kin san an taɓa haramta sunan nan? A 1603 Sarki James na shida na Scotland ya hana kowa amsa shi, dole wasu suka koma Murray wasu Graham, sai 1774 aka ɗage dokar dindindin. Jikina ya yi sanyi gaskiya, a ce a raba mutum da sunan kakanninsa fiye da shekara ɗari. Daga nan fa hira ta ɓarke, ta ce Mac a Gelik, wato tsohon harshen mutanen Scotland, "ɗan wane" ne, mace kuma Nic, shi Campbell asalinsa mai karkataccen baki, Cameron mai karkataccen hanci, laƙabi ne ya bi jikoki har ya zama sunan gida. Hamish ma ashe James ne.

Na tambaye ta Jock, tunda na sha jin mutanen Ingila suna kiran mutanen Scotland haka. Ta ce daga John ya fito, tsakanin abokai ba komai amma baƙo ya kiyaye, wasu raini suke ɗaukarsa. Kuma kar in ce wa mutum Scotch, wannan na giya ne, Scot ake cewa. Su ma suna da nasu, Sassenach suke ce wa mutanen Ingila, mutanen birnin Gilasgo kuma Weegie.

Abin da ban so ba shi ne takardar tarihin dangi da suke bugawa a kwamfuta su sa a firem, tsada ga shi ba ta kai rabin abin da matar ta faɗa min a baki ba, kar ku saya. Ku duba ƴar takardar da ke jikin kayan kuma, ba duka kayan aka saƙa a Scotland ba. Da rana cunkoson ƴan yawon buɗe ido ba a magana, ku je da safe.

Mayafin ja da kore ne, ulu mai laushi sosai. Yau da safe na hango maƙwabcin nawa ta taga ya naɗa a wuya zai fita.