Kwas ɗin wayarin da sola da na yi, na ba su tauraro 4 cikin 5

Ni dai ina da digiri, amma wallahi sai da na shiga wannan cibiyar koyon sana'ar na gane ashe hannuna bai iya komai ba. Wata tara na yi ina zuwa da yamma bayan na tashi daga aiki, kuma ranar farko ko allo ba mu kalla ba, malamin ya miƙo mana filaya da testa ya ce kowa ya fere waya ba tare da ya yanke zaren ciki ba. Sau shida ina ɓatawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke haɗa lissafi da aiki, ba wai a ce maka yi kaza kawai ba, sai ka faɗi dalili. Ka jera batir biyu masu volt 12 kai da wutsiya ka samu 24, ka haɗa su gefe da gefe volt bai ƙaru ba amma wutar ta fi daɗewa, sannan ka lissafa kaurin wayar da za ta ɗauki lodin inbata don in ta yi siriri zafi za ta yi har ta iya kama wuta. Duk wanda ke cewa sana'a ta wanda boko ya ƙi ce, dan Allah ya zo ya zauna a ajin nan mako ɗaya. Malaman ma masu haƙuri ne sosai, mu uku ne mata kuma ba a taɓa ce mana mu koma gefe mu kalla ba.

Kayan aiki sun ɗan yi kaɗan, mutum huɗu a mitar auna wuta ɗaya, amma wannan mai sauƙi ne.

Tauraro ɗayan da na cire saboda satifiket ne. Na tambaya ko wanda ya gama zai iya ɗorawa da shi har matakin digiri, aka ce babu hanya, sai ya faro daga tushe. To yaya iyaye za su yarda su kawo ɗansu mai ƙoƙari wurin da aka toshe masa gaba? Ku duba Jamus, ɗalibi yana kwana uku ko huɗu a kamfani ana biyansa, sauran a aji, kuma takardar Meister ta gwanin sana'a tana mataki na 6 a ma'auninsu na takardun ilimi, daidai da digirin farko, a 2020 ma suka ƙara mata sunan Bachelor Professional. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa ta wannan hanyar suke bi.

Akwai wani yaro a ajinmu, shekararsa 19, shi ke gano matsalar da mu masu digiri muka kasa, kuma burinsa ya zama injiniya. Na rubuta wa shugabannin cibiyar su nemi haɗin gwiwa da wata jami'a ko don irinsa, ina jiran amsa. Ƙanena kam na riga na sa ya cike fom na zango mai zuwa.