Yara Masu Ciwon Daji ko Karatun 'Yan Mata: Wace Ƙungiya Za Ka Ba Sadakarka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ko kashi 30 ba sa kaiwa. Abin da ke kashe yaran shi ne a gano cutar a makare, ko magani ya yanke, ko iyaye su ɗauke yaro daga asibiti ana tsakiyar jinya saboda kuɗin mota da na abinci sun ƙare. Da wannan nake auna kowace ƙungiya mai taimakon waɗannan yara: shin kuɗina zai sa yaro ya kammala maganinsa?

Shi ya sa zuciyata ta fi kwantawa da World Child Cancer, wadda aka kafa a Birtaniya a 2007. Ba ta gina katafaren asibiti nata. Tana shiga asibitocin da ke akwai, irin su Korle Bu a Accra da Queen Elizabeth a Blantyre ta Malawi, ta haɗa su da ƙwararrun likitoci na waje, ta horar da ma'aikatan jinya, ta taimaki iyaye da kuɗin zirga-zirga. Tana kuma koya wa ma'aikatan lafiya na karkara alamun farko: farin ɗigo a ƙwayar idon jariri, ko kumburin muƙamuƙi mai girma cikin 'yan makonni, wanda shi alamar sankarar Burkitt ne, wadda ke jin magani sosai idan an tare ta da wuri. Aiki ne da ba ya cika hoton talla, amma shi ne ke hana uwa komawa gida da yaron da saura kaɗan ya warke.

Asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka, wanda Danny Thomas ya buɗe a 1962, babu mai raina shi. Iyaye ba sa biyan ko sisi na magani, masauki ko abinci, kuma a 2021 ya yi alkawarin dala miliyan 200 don kai magungunan ciwon daji ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai ajiyarsa ta kai biliyoyin dala, ɗan abin da za ka bayar ba zai ji shi ba. Make-A-Wish kuwa cika wa yaro burinsa take yi, abu mai daɗi, amma ba magani ba ne.

A ɓangaren 'yan mata, CAMFED ce zaɓina. Ann Cotton ta fara ta a 1993 da 'yan mata 32 a Zimbabwe, tana biyan kuɗin makaranta, kayan sawa da audugar mata. Waɗanda suka gama karatu suna da ƙungiyarsu, CAMA, kuma su ke komawa su ɗauki nauyin na bayansu. Malala Fund ta fi karkata ga fafutukar sauya dokoki, don haka amfaninta sai a hankali.

To, ga inda nake so ka buɗe ido. Ba abin da 'yan damfara ke so kamar hoton yaro mai sanƙo kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. An taɓa karɓar kuɗina da irin wannan hoto, daga baya na sake ganinsa da wani suna, da wata cuta, da wata lambar asusu. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don kuɗin wani yaro na gaskiya ne aka sace. Kuma ba ƙananan ɓarayi kaɗai ba ne. A 2015 hukumomin Amurka sun gurfanar da ƙungiyoyi huɗu, ciki har da Children's Cancer Fund of America, bisa zargin tara dala miliyan 187 da sunan majinyata, alhali ko kashi 3 cikin 100 bai kai gare su ba. Lura da sunan: an zaɓe shi ne ya yi kama da na ƙungiyoyin kirki.

Kafin ka tura komai, nemi lambar rajista ka duba ta da kanka: a Ingila akwai Charity Commission, a Amurka kuma takardar haraji ta 990 a buɗe take ga kowa. Nemi rahoton shekara wanda masu binciken kuɗi na waje suka sa wa hannu. Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya da sunan ƙungiya. Idan an ce yaro yana wani asibiti, kira asibitin ka biya can kai tsaye. Wanda ya ce maka lallai sai yau ɗin nan, ko ya fusata don ka tambayi suna da lambar likita, kashe wayarka.